Jirin gilashin VR: jikin mata ne, ko awon na'urar?

Abban Walid, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ya kamata mu warware kafin hidimar Sallah, tunda wasu masu wuraren wasan yara da gidajen gem sun fara ajiye gilashin VR, na'urar nan da ake ɗorawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin hoton, suna ba da haya. Ƙorafin da ake maimaitawa shi ne 'yan mata sun fi saurin cirewa. Cikin 'yan mintoci sai jiri, tashin zuciya, zufa mai sanyi, wata sai ta nemi wurin zama. Masu hayar kuma har sun yanke hukunci wai abin ba na mata ba ne. Masana su taimaka mana: jikin mace ne ya bambanta, ko na'urar ce ba a ƙera ta daidai fuskarta ba? Kuma me mai haya zai yi a aikace?

Dakta Abu Hafsat, Daura:
Wa alaikumus salam. Mu fara da tushen jirin, daga nan a zo kan mata da maza. A can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke jin juyawar kai. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, su kuma ke jin karkata da fizgar gaba ko baya. Ƙwaƙwalwa kullum tana gwada labarin kunne da labarin ido. Wanda ya shiga mota daga Katsina zuwa Daura ya duƙufa kan waya, kunnensa na cewa ana tafiya, idonsa na cewa a zaune ake. A cikin VR abin juyawa yake yi: ido na ganin ana gudu ana shan kwana, kunne ya ce ko motsi ba a yi ba. Wannan saɓani shi ne bayanin da Reason da Brand suka kafa a 1975. A 1977 Treisman ya kawo dalilin da ya sa abin ke ƙarewa da amai: guba ma haka take rikita ji da gani, don haka jiki sai ya ɗauka an ci wani abu, ya nemi fitar da shi.

Abu guda da masu haya za su riƙe: kunne ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji. Tafiya miƙe da gudu ɗaya ba ta cika tayar da zuciya ba. Tashi da ƙarfi, taka birki, shan kwana, gangara, su ne matsala.

Game da mata kuwa, tun kafin a san VR an daɗe da lura cewa sun fi maza ba da rahoton jirin mota da na jirgin ruwa. Saboda haka ba daga na'ura maganar ta faro ba.

Malama Ummu Hanan:
Dakta, Allah ya saka. Bari in ajiye alƙaluma don kada mu yi ta muhawara a kan ji-ta-ji-ta. A 2017 Munafo, Diedrick da Stoffregen na Jami'ar Minnesota a Amurka suka gwada gilashin VR mai suna Oculus Rift, kowa ya yi wasa har zuwa minti 15. A gwaji na farko, kashi 22 cikin 100 ne suka yi jiri, kuma ba a sami bambancin a-zo-a-gani tsakanin maza da mata ba. A gwaji na biyu, da wasan da mutum ke yawo cikin gini yana zaune a kujera, mata 14 cikin 18 suka yi jiri, maza 6 cikin 18. Wato kusan kashi 78 da kashi 33. Ku lura, na'ura ɗaya ce, wasan ne ya canza.

A 2020 kuma Saredakis da abokan aikinsa suka tattara bincike 55 da suka shafi mutum sama da 3,000, ba su ga jinsi ya fito a matsayin abin da ke raba sakamako ba. Abin da ake kallo da yadda ake motsi a ciki su suka fi tasiri. Duk wanda ya ce maganar a rufe take, ta kowane ɓangare, ya yi gaggawa.

Abban Walid, Ƙofar Ƙaura:
To Malama, in haka ne me ya sa wasu gwaje-gwajen ke nuna tazara mai yawa haka?

Dakta Maman Ihsan:
Yaya Abban Walid, a nan ne aikinmu na ido ya shigo, kuma a ganina nan ne mafi yawan gyaran yake. Kowane mutum yana da tazara tsakanin tsakiyar ƙwayar idonsa na dama da na hagu. Da milimita ake auna ta, ita ce muke rubutawa idan za a yanka wa mutum tabarau. A awon da aka yi wa sojojin Amurka a 2012, matsakaicin maza milimita 64 ne, na mata 61.7. Za a ce milimita biyu da 'yan kai me za su yi? Matsalar ba a tsakiya take ba, a gefe take. Na'urar da ba ta sauka ƙasa da 60 ko 61, kamar HTC Vive na farko, in aka lissafa da waɗancan alƙaluman za ta bar kusan mace 1 cikin 3 a waje, namiji kuwa kamar 1 cikin 6 ko 7.

Abin da Stanney, Fidopiastis da Foster suka bi ke nan a 2020. Suka gano rashin dacewar tazarar ido shi ne babban abin da ke raba mata da maza, tarihin jirin mota na biye da shi. Matan da gilashin bai yi daidai da idonsu ba, awa guda bayan cirewa ba su dawo daidai ba. Matan da aka daidaita musu kuwa suka murmure kamar yadda maza suka murmure.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa leƙa cikin na'urar. Gilasan ciki suna da ɗan wuri ƙarami a tsakiya inda hoto ke fitowa tas. Idan ƙwayar ido ta kauce daga wurin, rubutu ya yi dishi-dishi, gefuna su lanƙwashe, kuma duk sanda aka juya kai sai duniyar ta riƙa yin kamar ruwa a kwano. Sannan na'urar tana zana hoto biyu ne bisa tazarar da aka saita mata. In ta ɗauka idonki 68 ne alhali 59 ne, nisa da girman abubuwa ba za su zo daidai ba, jijiyoyin ido su yi ta kokawar haɗa hoto biyu su zama ɗaya. Daga nan ciwon goshi, nauyin ido, sai jiri ya biyo.

Injiniya Ɗan Daura:
Dakta ta gama magana. Ga lambobin na'urorin da suka fi zuwa hannun mutanenmu. Quest 2 da Quest 3S matsayi uku kawai gare su, da hannu ake tura gilasan: 1 shi ne milimita 58, 2 shi ne 63, 3 shi ne 68. Shawarar kamfanin ga Quest 2 ita ce mai 61 zuwa ƙasa ya sa 1, mai 61 zuwa 66 ya sa 2, mai 66 zuwa sama ya sa 3. Quest 3 ɗan gare gare shi a ƙasa, ana murzawa a hankali. Valve Index 58 zuwa 70. Oculus Go da Rift S gilasansu a kafe suke wajen 63 da rabi, ba sa motsi sam. Duk wanda zai sayi na hannu don haya ya guji waɗannan biyun, ko da sun yi araha.

Kuskuren da ya fi yawa a wurin haya shi ne a bar na'ura a lamba 3 saboda ƙaton saurayi ne ya sauka, a ɗora wa yarinya 'yar shekara 14 haka nan. Tazarar milimita 10 ke nan in idonta 58 ne. Ko ni da ku aka yi wa haka sai mun cire.

Abban Walid, Ƙofar Ƙaura:
Dakta Maman Ihsan, mai haya ba shi da na'urar asibiti. Yaya zai auna?

Dakta Maman Ihsan:
Rula mai milimita ta isa, irin ta 'yan makaranta, amma wadda lambobinta ba su goge ba.

In mutum zai auna kansa, ya tsaya gaban madubi kamar santimita 20, ya kafa rular a kan gira, kai a miƙe. Ya rufe idon dama, ya daidaita sifiri da tsakiyar ƙwayar idon hagu. Ba tare da ya motsa kai ko rula ba, ya buɗe dama ya rufe hagu, ya karanta lambar da ta faɗo tsakiyar ƙwayar dama. A yi sau uku, a ɗauki ta tsakiya.

In wani ne zai auna masa, to wanda ake aunawa ya kalli abu mai nisa, mita 6 ko fiye, ta saman kafaɗar mai awo. Kada ya kalli fuskar mai awon. Nan ake yawan kuskure, domin ido in ya kalli abu kusa yakan matso ciki, sai awo ya ragu da milimita 3 zuwa 4, a sa wa mutum lamba 1 alhali 2 ce tasa. Mai awon shi ma ya rufe ido ɗaya-ɗaya: da idonsa na hagu zai karanta idon dama na wanda ke gabansa, da na damansa ya karanta na hagu.

Wanda ya taɓa yanka tabarau a asibitin ido, ya tambaya a duba masa, sau da yawa lambar na cikin takardarsa. Mai sa tabarau don hangen nesa kuma kada ya cire shi a cikin VR, domin hoton yana zaune ne kamar a nisan mita ɗaya da 'yan kai zuwa biyu, ba a kan hanci ba. A sa ɗan zoben nan na roba da ke zuwa cikin kwali don kada tabarau ya karce gilasan.

Wani abu kuma: waɗancan alƙaluman na sojojin Amurka ne, kuma ko a cikinsu baƙaƙen fata sun ɗan fi faɗin tazara. Saboda haka a nan za a sami maza masu 70 da 72 waɗanda lamba 3 ma ta yi musu kaɗan. A auna kowa, kada a yi ƙiyasi da ido.

Baba Mai Gyara, Ƙofar Marusa:
Ku yi mani haƙuri, kuna ta zancen Quest, alhali abin da ya cika kasuwa akwatin roba ne da ake zura waya ciki. Shi kau nashi ya fi muni, ga maza ga mata. Yawancin wayoyin hannun mutane sau 60 sukan sabunta hoto a daƙiƙa. Wasu ƙananan ma ba su da gairoskof na gaske, wato ɗan abin da ke jin juyawar waya, sai ka juya kai hoton shina biyo ka a makare. Sannan juyawar kai kaɗai shika gani. In ka sunkuya gaba ko ka matsa gefe, duniyar duka ta biyo ka kamar an manna ta a goshi. Ga zafi: a watan Afrilu waya na cikin rufaffen akwati, minti goma ta ɗau zafi ta rage ƙarfin kanta, hoto ya fara tsalle. Akwai 'yan maɓallai a saman akwatin na matso da gilasai, amma ko ka matso su, manhajar ba ta san ka matso ba, hoton na nan inda shike. Kuma dole layin tsakiyar allon waya ya faɗa daidai kan layin tsakiyar akwati, in ya goce ko kaɗan ido ɗaya zai wahala. Ba na ba kowa shawarar ya yi haya da wannan.

Injiniya Ɗan Daura:
Gaskiya ne Baba. Ma'aunin da masu ƙira ke bi shi ne daga motsin kai zuwa canjin hoto kada ya wuce milisakan 20 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Na'ura mai sabunta hoto sau 72 a daƙiƙa tana da milisakan 13.9 ga kowane hoto, mai 90 tana da 11.1. Da zarar wasa ya fi ƙarfin na'ura ya fara zubar da hotuna, an shiga matsala. A guji wuri mai duhu ko mai manyan madubai, kyamarorin jikinta na ɓacewa, hoto ya zame. Kuma kada a bar gilasan ciki su kalli rana ko na ɗan lokaci, suna tara haske su ƙona allo.

Anti Nas, Ummu Sumayya:
Akwai abin da maza ba za su lura da shi ba, kuma ya shafi kusan kowace mace a garin nan. Na'urar ta kai rabin kilo, duk nauyin a gaba. Abin da ke riƙe ta shi ne madaurin baya ya sauka ƙasan ƙashin ƙeya. Mace mai kitso da aka tara a baya, ko mai ɗaure gashi da ribom ƙarƙashin hijabi, madaurin ba ya samun wurin zama, sai ya hau sama. Da ya hau, gaban ya sunkuyo kan kumatu, ido ya koma kallon saman gilashi. Ko an saita tazara daidai, an fita daga tsakiya ta sama da ƙasa. Hijabi mai santsi kuma zamewa yake yi a hankali, minti biyu na farko lafiya, na uku ya goce.

Gyaran: a kwance ɗaurin gashin ko a sauke shi can ƙasan wuya. A cire ɗankwali mai tudu, a bar hula mara santsi ƙarƙashin hijabi. A fara ɗora na'urar a fuska da hannu, a ɗaga a sauke har rubutu ya fito tas, sannan a ja madaurin baya, na sama ya zo ƙarshe don ya ɗauke nauyi daga kumatu. Kada a matse har ya bar shaida a fuska, matsewa kanta ciwon kai ce.

Wannan aiki kuma taɓa kai ne da fuska. Saurayi mai haya ba zai yi wa budurwa ba, ita ma ba za ta yarda ba, sai ta karɓa ta ɗora yadda ta samu. Duk wurin da ke son mata su shiga, ya ɗauki mace mai kula da su, ya ware musu gefe da labule. Wannan kaɗai zai sauya abubuwa da yawa.

Dakta Abu Hafsat, Daura:
Anti, wannan bayani ya yi. Amma ina so in ja birki kaɗan, kada zaure ya tashi da cewa rula ta magance komai. Ciwon ɓarin kai ya fi kama mata kusan ninki uku, kuma masu shi sun fi kowa saurin jirin motsi. Mai juna biyu, musamman watannin farko, zuciyarta a kusa take. An kuma yi gwaje-gwaje da suka nuna saurin jiri na hawa da sauka tare da zagayowar al'ada, ko da yake sakamakonsu bai haɗu a kan rana ɗaya ba. Sannan Riccio da Stoffregen tun 1991 suna cewa asalin abin rashin daidaiton tsayuwa ne, kuma a wancan gwaji na 2017 yadda jikin mutum ke ɗan rangaji kafin ya sa na'ura ya nuna wanda zai yi jiri daga baya. Waɗannan ba awon gilashi ba ne. Za a sami mace an daidaita mata komai, ta yi jiri. Kada a ce mata raki take yi.

Dakta Maman Ihsan:
Ban musa ba Dakta. Abin da nake karewa shi ne tsari. Ciwon ɓarin kai mai haya ba zai iya cire shi ba, tambaya kawai zai yi. Tazarar ido kuwa daƙiƙa talatin ce. Ba daidai ba ne a jingina wa halittar mace abin da ba a ko gwada gyarawa ba.

Malama Ummu Hanan:
Ku duka biyun kuna kan hanya, amma akwai abu biyu da ke ɓata lissafin mai kallo daga gefe. Na farko sabo. Jiki yana sabawa da wannan saɓani in ana maimaitawa kaɗan-kaɗan. Yaron da ya shekara biyar yana zuwa gidan gem ba ɗaya yake da ƙanwarsa da ba ta taɓa riƙe abin wasan ba. In an gwada su, an gwada mai sabo da baƙuwa ne, ba namiji da mace ba. Na biyu faɗin abin da mutum ke ji. Kusan duk awon jiri tambayar baki ce. Takardar da aka fi amfani da ita, ta Kennedy da abokan aikinsa ta 1993, alamomi 16 ce, kowace mutum ya ba ta maki daga 0 zuwa 3. Saurayi a gaban abokansa zai cije ya ce lafiya lau, yana zufa. Wata yarinyar kuma kunya za ta hana ta cewa a cire har sai abin ya yi nisa.

Ɗalibanmu na kwamfuta, ko a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko a kwalejojin fasaha na Katsina da Daura, in za su yi aikin kammala karatu a kan wannan, ga abin da zai sa ya yi ƙarfi: mata da maza adadi ɗaya, a auna tazarar idon kowa a rubuta, a rubuta awa nawa yake gem a mako, a tambayi tarihin jirin mota da ciwon ɓarin kai. A cike takardar alamomi kafin sawa da bayan cirewa, sannan a sake bayan awa guda. Ana cikin wasa a riƙa tambaya kowane minti, daga 0 zuwa 20 ina kike, kamar yadda Keshavarz da Hecht suka tsara a 2011. Kuma mace ta tambayi mata, a keɓe.

Abban Walid, Ƙofar Ƙaura:
Wani ya turo mini ta gefe yana tambaya ko a ba mutum maganin jirin mota kafin ya sa.

Dakta Abu Hafsat, Daura:
A'a. Mai haya ba ya ba da magani. Irin su sinarizin da furometazin suna sa barci da kasala, wanda ya sha bai kamata ya hau mashin ba, mai ciki da ƙaramin yaro kuma sai da izinin likita. Wasa bai kai a sha ƙwaya dominsa ba. Citta ba ta da laifi ga mai so, tana ɗan kwantar wa wasu zuciya. Fanka a fuska ta fi amfani, ga sanyi, ga iskar na tuna wa jiki inda gaba take. Kada a sa da yunwa mai tsanani, kada a sa bayan an cika ciki da tuwo ko naman Sallah.

Alamar farko ba amai ba ce. Hamma, yawan haɗiyar yawu, gyatsa, ɗumi a fuska, shiru kwatsam. Da an ga ɗaya a cire. Dagewa ba ta koya wa jiki sabo, sai ma ta sa ya tsani abin. A zauna, a kalli abu mai nisa, a sha ruwa. Wani ba zai ji tashin zuciya ba sam, sai kasala da barci bayan awa ɗaya ko biyu, shi ma jirin ne a wata siga. Ba tuƙi sai ido da ƙafa sun dawo daidai. Mai farfaɗiya kuma kada ya sa sai ya ga likitansa.

Injiniya Ɗan Daura:
Saura zaɓen abin kallo, wanda alƙaluman Malama suka nuna nauyinsa. Masu haya sun fi son fara wa mutum da jirgin lilo mai hawa da gangara saboda ihun da ake yi yana jawo kasuwa, alhali shi ne mafi sharrin abin da za a fara da shi. Baƙo ya fara a zaune, da abin da duniyar ke tsaye shi ne ke juya kai, minti 5. In lafiya, wani zuwan 10. A cikin saitin wasa a kunna tafiyar tsalle, wadda mutum ke nuna wuri ya bayyana a can, maimakon zamewa da 'yar sandar abin riƙewa. Juyawa a sa ta mataki-mataki, digiri 30 ko 45. A kunna duhun gefe da ke rage faɗin gani lokacin motsi, Fernandes da Feiner na Jami'ar Columbia sun nuna amfaninsa a 2016.

Masu ɗaukar bidiyon zagaye na hawan Sallah a Ƙofar Soro ko hawan Magajiya a Daura su ma su ji: kada a ɗaura kyamara a kan mahayi ko a riƙe ta ana tafiya. Sukuwar doki a cikin gilashi ba mai jure ta. A kafa ta a kan ƙafa uku, tsayin idon mutum, a daidaita ta kada ta karkata, dawakai su zo su wuce ta gabanta.

Anti Nas, Ummu Sumayya:
Injiniya, yara fa? Su ne za su cika layi ranar Sallah.

Injiniya Ɗan Daura:
Meta, kamfanin da ke ƙera Quest, ta daɗe a kan shekara 13, a 2023 ta sauko zuwa 10 da sharaɗin kulawar iyaye. Ƙasa da haka kada a sa musu.

Dakta Maman Ihsan:
Ko sun kai shekarun a auna. Yara da yawa 'yan 10 zuwa 12, musamman mata, tazararsu ba ta kai 58 ba, kuma shekarun ne jirin mota ya fi kama yaro. In rula ta nuna 54 ko 55, Quest 2 ba shi da lambar da za ta yi mata. A mayar wa mahaifinta kuɗinsa, a nuna mata abin a allon talabijin.